Shugaban da jam'iyyarsa ta kora yana kan kujera: John Tyler da 'yan Whig

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Muna gardama a majalisarmu ta yamma, wani ya ce a Amurka an taɓa yin shugaban ƙasa da jam'iyyarsa ta kore shi alhali yana kan mulki. Da gaske ne? In haka ne, me ya haɗa su, kuma ta yaya ya ƙarasa wa'adinsa ba jam'iyya?

Amsa: Ɗan'uwa, abokin gardamarka ya yi gaskiya. Sunan mutumin John Tyler, shugaban Amurka na goma, jam'iyyar kuwa Whig ce, kuma ta sallame shi ranar 13 ga Satumba 1841, wata biyar da 'yan kwanaki bayan hawansa. Kafin shi an yi wanda ya ɓata da nasa. John Adams, shugaba na biyu, ya raba gari da ɓangaren Alexander Hamilton na jam'iyyar Federalist saboda ya zaɓi sulhu da Faransa maimakon yaƙi, har ya raba ministoci biyu da muƙamansu a watan Mayun 1800, Hamilton kuma ya rubuta doguwar takarda yana zubar masa da mutunci ana dab da zaɓe. Amma Adams da tutar jam'iyyarsa ya tsaya takara ya faɗi. Na Tyler ne ya kai ga kora a bainar jama'a.

Masu ba da labarin sukan ce Tyler ya ci amanar waɗanda suka kawo shi. Ni dai ban gamsu da wannan ba. Mutumin bai taɓa ɓoye aƙidarsa ba, shekara ashirin da wani abu yana faɗinta a majalisa. Jam'iyyar ce ta ɗauko shi don neman ƙuri'a, ba ta zauna da shi ta tambaye shi komai ba, don a lissafinta mataimakin shugaban ƙasa ba zai taɓa zama abin damuwa ba.

Sai ka san asalin Whig tukuna. Abin da ya haɗa jam'iyyar shi ne adawa da mutum guda, Andrew Jackson, wanda ya yi mulki daga 1829 zuwa 1837, suke kuma yi masa laƙabi da Sarki Andrew saboda yadda yake murƙushe majalisa. A cikinta akwai 'yan kasuwa da masu masana'antu, galibi daga Arewa, masu son babban bankin ƙasa, da haraji mai nauyi kan kayan da ake shigowa da su, da gwamnatin tarayya ta riƙa gina hanyoyin ƙasa da na ruwa. Jagoransu Henry Clay, sanata daga Kentucky, gwanin magana, mai son shugabancin ƙasa kamar ransa. Akwai kuma wasu 'yan Kudu, masu manyan gonaki da bayi, waɗanda ba sa son ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa. Su fushinsu da Jackson shi ne yana taka 'yancin jihohi. Ka ga ke nan mutane biyu ne suka tsani abu ɗaya, amma kowa da dalilinsa, dalilan kuma kishiyoyin juna ne.

Tyler ɗan rukuni na biyu ne, kuma cikakke. An haife shi a Virginia a 1790, ya yi ɗan majalisar wakilai, ya yi gwamna, ya yi sanata. Tun a 1819 yana cikin kwamitin da ya binciki babban bankin ƙasa na wancan lokaci, ya fito ya ce a soke lasisinsa, don a fahimtarsa kundin tsarin mulki bai ba majalisar tarayya ikon kafa banki ba. A 1833, da Jackson ya nemi izinin amfani da soja don karɓar haraji a South Carolina, Tyler shi kaɗai ne sanatan da ya tsaya ya kaɗa ƙuri'ar ƙi, 32 da 1. A 1836 majalisar jiharsa ta umarce shi da ya goyi bayan goge tsawatarwar da majalisar dattawa ta yi wa Jackson daga littafinta. Ya ƙi, ya ajiye kujerarsa ya tafi gida. Wanda ya jefar da kujerar sanata a kan abin da ya yi imani da shi, ai ba a sa ran zai sa hannu a kan banki don an ɗaure masa fuska.

Shi bankin kuwa, lasisin shekara ashirin aka ba shi a 1816. Jackson ya hau kujerar na-ƙi a kan sabunta shi a 1832, ya kwashe kuɗin gwamnati daga cikinsa, lasisin ya ƙare a 1836. Shekara ɗaya bayan nan tattalin arziki ya rushe, bankuna suka daina biyan zinariya da azurfa, mutane suka rasa aiki, laifin kuma ya faɗa kan magajin Jackson, Martin Van Buren. 'Yan Whig suka hango nasara. A babban taronsu na Harrisburg a Disambar 1839 suka tsallake Clay, saboda yana da abokan gaba da yawa, suka tsayar da tsohon janar William Henry Harrison. Don a lallashi magoya bayan Clay da 'yan Kudu, sai aka manna masa Tyler a matsayin mataimaki. Taron ya watse ba tare da fitar da manufofin jam'iyya ba, da gangan, don duk abin da aka rubuta zai raba kan ɗakin. Cinikin biri a sama aka yi. Yaƙin neman zaɓen 1840 waƙoƙi ne da gangami da giyar tuffa, aka ci da ƙuri'un wakilan jihohi masu zaɓen shugaba 234, Van Buren na da 60, aka kuma kame majalisu biyun.

An rantsar da Harrison ranar 4 ga Maris 1841 yana da shekara 68. Ranar 4 ga Afrilu ya rasu. Shi ne shugaban Amurka na farko da ya mutu a kan mulki. Tyler yana gidansa a Williamsburg aka kai masa labari, ya iso Washington, ya yi rantsuwa ranar 6 ga wata.

Nan rigimar farko ta tashi. Kundin tsarin mulki ya yi maganar abin da zai koma hannun mataimaki in shugaba ya mutu, amma jimlar tana ɗaukar fassara biyu: kujerar ce kanta, ko ayyukanta kaɗai? Ministocin Harrison sun fi karkata ga cewa muƙaddashi ne. Tsohon shugaba John Quincy Adams, wanda a lokacin ɗan majalisar wakilai ne, shi ma haka ya gani. Tyler ya ce shi shugaba ne cikakke, ya tare a fadar, wasiƙar da aka rubuta masa da sunan muƙaddashi kuma sai ya mayar da ita ba tare da ya buɗe ba. Abokan adawa suka riƙa yi masa ba'a da shugaban tsautsayi, amma majalisu biyun suka amince da matsayinsa da suka zauna. Wannan al'ada da ya kafa ita aka bi har sau bakwai bayansa, sai a 1967 aka rubuta ta ƙarara a gyara na 25 na kundin. Mu da muka ari tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka a 1979 mun ci gajiyarta: da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010, washegari aka rantsar da Goodluck Jonathan shugaba cikakke, duk da irin taƙaddamar da aka sha a watannin jinya.

An ruwaito cewa a zamansa na farko da ministoci, Daniel Webster, ministan harkokin waje, ya shaida masa cewa marigayi yakan sa a kaɗa ƙuri'a a kan kowace magana, shugaba na da ƙuri'a ɗaya kamar kowa. Tyler ya ce shawararsu yana so, amma hukunci nasa ne, wanda bai yarda ba ya ajiye aiki. Sai dai ya yi kuskure ɗaya babba a nan, ya riƙe su duka. Yawancinsu mutanen Clay ne.

Clay kuwa ya riga ya tsara komai. Tun Harrison na raye aka kira zama na musamman na majalisa daga 31 ga Mayu, Clay ya shimfiɗa jadawalinsa: a soke tsarin baitulmalin Van Buren na gwamnati ta riƙa ajiye kuɗinta da kanta ba a banki ba, a kafa sabon banki, a ƙara harajin kayan waje, a raba wa jihohi kuɗin sayar da filayen gwamnati. A aƙidar Whig majalisa ce ke jan ragama, shugaba ya sa hannu kawai. A zuciyar Clay kuma akwai zaɓen 1844. Harrison ya yi alkawarin wa'adi ɗaya, hanya a buɗe take. Yanzu ga mutum ɗan shekara 51 a kan kujera, wanda in ya yi nasara zai iya neman tazarce. Duk wanda ya karanta rigimar banki bai sa wannan a lissafi ba, rabin labarin ya karanta.

Tyler bai ƙi komai ba. Ya sa hannu a soke tsarin Van Buren, ya sa hannu a dokar filaye. A kan banki ma ya ba da ƙofa. Ministan kuɗi Thomas Ewing ya kawo tsarin da shugaban zai iya haɗiya: a kafa bankin a gundumar babban birni, inda ba a gardamar ikon majalisar tarayya, amma kada ya buɗe reshe a wata jiha sai da yardar jihar. Clay ya ce wannan ba banki ba ne, abin wasa ne. Daga baya ya kawo abin da ya kira sassauci: in majalisar jiha ba ta fito ta ƙi ba a zamanta na farko, to shirunta yarda ne. Ƙudirin ya wuce majalisar dattawa da ƙyar. Ranar 16 ga Agusta Tyler ya hau kujerar na-ƙi. Cikin dare wasu gungun mutane, da yawansu a buge, suka taru a ƙofar fadar suna ihu da buga ganguna, aka kuma ƙona mutum-mutuminsa.

A wannan karon ban ga laifinsa ba. An kawo masa abin da kowa ya san ba zai karɓa ba. A karo na biyu ne hannunsa bai fita tsaf ba. Ya bari ministocinsa, Webster da Ewing, suka tattauna da 'yan majalisa a kan wani sabon tsari, aka sauya wa bankin suna, aka rage masa ayyuka, su kuma suka tafi da fahimtar cewa zai sa hannu. Ana cikin haka sai wata wasiƙa ta ɗan majalisa John Minor Botts, ɗan Virginia kuma ɗan Whig, ta fito a jarida, yana alfaharin cewa za su yi wa shugaban tarko. Tyler ya ga cewa komai ya sa wa hannu za a ce ya miƙa wuya, komai ya ƙi za a ce maci amana ne. Ya nemi a ɗage maganar zuwa zama na gaba, aka ƙi. Ranar 9 ga Satumba ya sake hawa kujerar na-ƙi. Yana da hujjar tsarin mulki, amma ya yi ta jan ƙafa da magana biyu har mutanen da suka yi masa aiki da zuciya ɗaya suka ji an yaudare su.

Bayan kwana biyu, ranar 11 ga Satumba, ministoci suka fara miƙa takardun murabus ɗaya bayan ɗaya. Biyar cikin shida suka tafi. Lokacin ma an auna shi: majalisa za ta tashi ranar 13, in bai samu sababbin ministoci da majalisar dattawa ta tantance ba, gwamnati za ta tsaya, wataƙila ya yi murabus. Da ya yi, tunda babu mataimaki, kujerar za ta faɗa hannun shugaban riƙo na majalisar dattawa, Samuel Southard, mutumin Clay. Tyler ya riga ya shirya sunaye, ya aika nan take, aka amince da su. Webster kaɗai ya zauna, don yana tsakiyar tattaunawa da Birtaniya, kuma dama ba ya son zama yaron Clay. Ranar 13 'yan majalisar Whig suka taru a harabar majalisa suka karanta sanarwar cewa ba su ba shi. Waɗanda suka rage masa a majalisar wakilai ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, irin su Henry Wise da Caleb Cushing da Thomas Gilmer.

Yanzu ga ɓangare na biyu na tambayarka. Korar ba ta taɓa kujerarsa ba, don kundin tsarin mulkin Amurka ko ambaton jam'iyya bai yi ba. Wa'adin shugaba shekara huɗu ne, kuma ba daga majalisa ya samo shi ba. A tsarin firaminista irin na Birtaniya, wanda ya rasa rinjaye a majalisa ya gama. A Amurka hanya ɗaya ce, tsigewa, ita kuma tana buƙatar rinjaye a majalisar wakilai da kashi biyu bisa uku na sanatoci. Haka ma tsallake na-ƙin shugaba sai da kashi biyu bisa uku na majalisu biyun. 'Yan Whig ba su da wannan adadi, 'yan Dimokurat kuwa, wato jam'iyyar Jackson da Van Buren, ba sa ƙaunar Tyler, tunda ya taɓa barinsu, amma daɗi suke ji suna kallon abokan hamayya na cin naman juna.

Saboda haka sai aka koma yaƙin gajiyarwa. A 1842 baitulmali ya bushe. Tyler ya yarda a ƙara haraji, amma da sharaɗin a daina raba wa jihohi kuɗin filaye, don dokar 1841 da kanta ta ce rabon zai tsaya in haraji ya haura kashi 20 cikin 100. Majalisa ta aiko masa ƙudiri har sau biyu da abubuwan biyu a haɗe, ya mayar da su. Da aka raba su, ya sa hannu a ƙarshen Agusta. Wani kwamiti ƙarƙashin John Quincy Adams ya rubuta rahoto yana cewa shugaban ya cancanci tsigewa. Tyler ya aika takardar ƙorafi, majalisar wakilai ta ƙi shigar da ita littafi, ta kuma kafa hujja da matakin da majalisar dattawa ta ɗauka kan irin wannan takarda ta Jackson a 1834, wanda Tyler da kansa ya kaɗa wa ƙuri'a. Ranar 10 ga Janairu 1843 Botts ya kawo ƙudirin fara binciken tsigewa, ya faɗi da ƙuri'a 127 da 83.

Don ka gane dalilin zafin, dubi lissafin. Shugabanni shida na farko, cikin shekara arba'in, sau 10 suka ƙi sa hannu a dokar majalisa gaba ɗayansu. Jackson ya yi 12, aka kafa jam'iyya guda don a yaƙe shi. Tyler ya yi 10 cikin ƙasa da shekara huɗu, a kan jam'iyyar da aka kafa don hana hakan. Majalisar dattawa ta rama a kan naɗe-naɗe. Ta ƙi mutum huɗu da ya kawo a matsayin ministoci. Cushing sau uku aka ƙi shi a rana ɗaya, ranar 3 ga Maris 1843, ana ƙi shugaban na sake aiko da sunan. Kujeru biyu suka faɗi a kotun ƙoli, ya yi ta aika sunaye, ɗaya kaɗai ya samu ya cike, da Samuel Nelson, ana saura makonni ya sauka. Ranar 3 ga Maris 1845, cikakkiyar ranarsa ta ƙarshe, majalisa ta tsallake na-ƙinsa a kan wata ƙaramar doka ta jiragen kwastan, karo na farko a tarihin ƙasar.

'Yan Whig ma ba su ci riba ba. A zaɓen rabin wa'adi na 1842 suka rasa majalisar wakilai da babban rinjaye, bankin kuma bai sake dawowa ba.

Da ƙofar cikin gida ta rufe, sai ya juya ga harkokin waje, inda shugaba ke da sarari. Yarjejeniyar Webster da Ashburton, wakilin Birtaniya, ta 1842 ta warware rikicin iyaka tsakanin Maine da yankin Kanada. Cushing da aka wulaƙanta ya tafi Sin ya ƙulla yarjejeniyar farko tsakanin ƙasashen biyu a 1844. Amma abin da ya fi nauyi shi ne Texas, wadda ta ɓalle daga Meziko a 1836 tana neman shiga Amurka. Manyan jam'iyyun biyu suna kauce wa maganar, don Texas ƙasar bayi ce, shigo da ita zai fusata Arewa, ya kuma jawo yaƙi da Meziko. Shugaban da ke da jam'iyya zai ji tsoron rabuwar kanta. Tyler ba shi da abin da zai rabu, kuma yana neman abin da zai gina sabuwar tafiya a kai. Shi kansa mai bayi ne.

Bayan Webster ya sauka, sabon ministan wajensa Abel Upshur ya kusa kammala yarjejeniyar a asirce sai babbar bindiga ta fashe a jirgin yaƙi na Princeton ranar 28 ga Fabrairu 1844, ta kashe shi da Gilmer, shugaban yana cikin jirgin a ƙasan bene. John C. Calhoun ya gaje shi, ya rubuta wa jakadan Birtaniya wasiƙa yana kare bauta ƙarara, yana danganta ta da Texas. Majalisar dattawa ta yi watsi da yarjejeniyar a watan Yuni, 35 da 16. Amma maganar ta riga ta shiga zaɓe. Van Buren ya ƙi goyon bayan haɗewar nan take, ya rasa tikitin Dimokurat, James Polk ya samu. Tyler, wanda ya kafa 'yar ƙaramar jam'iyyarsa da ma'aikatan da ya naɗa, ya janye a watan Agusta ya mara wa Polk baya. Clay ya yi ta kwana-kwana a kan Texas, ya faɗi da ƙuri'un wakilai 105, Polk na da 170, jihar New York kuma da tazarar ƙuri'a kusan 5,000 ta kuɓuce masa. Tyler ya bi ta wata hanya, ƙudirin haɗin gwiwa na majalisu biyu mai buƙatar rinjaye kawai, ya sa hannu ranar 1 ga Maris 1845. Yaƙi da Meziko ya ɓarke a 1846, filayen da aka ci suka ta da gardamar ko za a kai bayi can, gardamar da ta wargaza Whig kanta a shekarun 1850 ta kuma kai ƙasar ga yaƙin basasa a 1861.

Shi Tyler ya koma gonarsa a Virginia. Da rikicin ɓallewa ya zo ya jagoranci wani taron sulhu a Washington a farkon 1861, da bai yi nasara ba ya bi jiharsa, har aka zaɓe shi ɗan majalisar wakilan 'yan aware na Kudu. Ya rasu a Richmond ranar 18 ga Janairu 1862 kafin ya zauna a kujerar, gwamnatin Washington kuma ba ta yi masa makokin hukuma ba.

In gardamar taku ta kai ga ko an sake yin irin haka, ka ambata musu Andrew Johnson. A 1864 'yan Republican suka ɗauko shi, ɗan Dimokurat daga Tennessee, suka haɗa da Abraham Lincoln don jawo ƙuri'a. An harbe Lincoln a Afrilun 1865, makonni shida da fara wa'adi na biyu, Johnson ya hau, ya shiga rigima da majalisa a kan makomar Kudu da 'yantattun bayi. Shi majalisar wakilai ta tsige shi a 1868, ƙuri'a ɗaya ce ta hana majalisar dattawa raba shi da kujerar.